Rufin ɗakin Hajiya

Bara, kafin damina ta sauka, ’yan’uwana suka ɗora mini aikin sake rufin gidanmu na gado a cikin birnin Zariya. Yawancin ɗakunan kwano ne da ya yi tsatsa, sai ɗakin Hajiya wanda soro ne tun zamanin kakanmu, da ɗan kicin mai rufin asbestos.

Kowa ya ce a kwashe komai a buga aluminiyam mai launi, irin wanda ake yayi. Hajiya ta ce ita dai ba za ta kwana a ƙarƙashin kwano ba. Duk wanda ya san watan Afrilu a nan ba zai yi mata musu ba. Idan zafi ya kusa digiri 40, ɗakin kwano tanda yake komawa, sai fanka, in babu wuta kuma sai janareto da fetur da hayaƙinsa. Ƙasar soro kuwa a hankali take shan zafin rana, shi ya sa ko da azahar za ka tarar da sanyi a ciki.

Da na kira tsohon magini, ya ɗaga kai ya dubi rufin ya ce, "Alhaji, ƙasa ba ta da wuya, azara ce aikin." Azara daga giginya ake faso ta, kuma sai wadda ta tsufa, an fi son namiji saboda ƙarfinsa. Giginya tana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta isa sara, ga masu sara sun fi masu shuka yawa, ƙwallon ma binne shi ake a tono muruci a ci. Wadda na gani a kasuwa duk ɗanya ce, farar ɓargo, magini ya ƙwanƙwasa ya girgiza kai. A ƙarshe wani gida da ake rushewa a unguwarmu muka je muka sayi tsohuwar azararsa, baƙa wuluk, gara ba ta ko taɓa ta ba. Ba a sare mana bishiya ko ɗaya ba.

Ƙasar ma ta tsohon rufin muka jiƙa aka sake kwaɓawa da ciyawa. Ban so a haƙo sabuwa ba, don kududdufan da suka addabi birni da sauro da shara, ramukan ƙasar gini ne tun asali. Makuba, wadda ake yaɓe da ita don kare soro daga ruwan sama, ita ce ta ba mu wahala. Daga ɓawon ɗorawa ake yin ta, ɗorawar kuma masu itace da gawayi sun rage ta sosai. Soro dai yana da hidimarsa: kowace shekara sai an hau an yi yaɓe, an share indararo.

Sauran ɗakunan kwano muka mayar, amma mai haske, da silin da ’yar kafar shan iska. Tsohon kuma ’yan gwangwan suka auna suka biya.

Asbestos ɗin ne ba shi da mai saye. Ƙurarsa na jawo cutar daji a huhu, don haka muka jiƙa shi sharkaf, yara suka fita daga gidan, aka sauke shi falle-falle ba tare da an fasa ba. Maƙwabcinmu ya roƙi in ba shi ya rufa akurkin kaji, na ba shi haƙuri, na ware masa kwano biyu daga cikin tsofaffin.