Mota ta mutu, albarushinta bai mutu ba

Ƙannena da kuka shigo sana'ar fasa motoci, ko a Panteka ta Kaduna kuke ko a Ƙofar Ruwa ta Kano, ku saurare ni kafin ku ɗauki sifana. Duk inda kuka ga an rubuta SRS, wato alamar eyabag, jakar iskar da ke tashi ta kare mutum lokacin hatsari, a sitiyari, a dashbod ko a gefen kujera, to akwai albarushi a bayansa. Inji ya buga, bodi ya ruɓe, amma eyabag ɗin da bai taɓa tashi ba yana nan da ransa. Bel ɗin kujera ma haka, akwai ɗan albarushin da ke fizge shi lokacin hatsari.

Ni ba a koya mini wannan ba, da hannuna na jawo. Wani mai saye ya ce sai na tabbatar masa eyabag ɗin sitiyari na da kyau. Na kife shi a ƙasa don in ga soket ɗin, na ɗora masa tsohuwar mitar gwada wutar nan mai allura. Ban san ƙanƙanuwar wutar mitar ta isa ta kunna shi ba. Ƙara kawai na ji. Ƙarfen ya yi sama ya huda kwanon shago, yaron da ke tsugune kusa da ni kuwa har yau kunnensa na hagu ba ya ji sosai. Amana iyayensa suka ba ni shi, kuma wannan ne ke ci mini rai.

Jakar nan tana cika ne cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa ashirin na daƙiƙa, da gudun da kan kai kilomita 300 a awa. Babu wanda zai iya kaucewa. Shi ya sa ba a kife ta: murfi ya kalli sama, in za ka ɗauka kuma murfin ya juya wa ƙirjinka baya. Mita kada ta kusance ta.

Cire batir kaɗai bai wadatar ba. Akwatin da ke sarrafa eyabag yana riƙe wuta na ɗan lokaci. Wasu kamfanoni sun ce a jira daƙiƙa 90, wasu minti 3, ni dai minti 10 nake bayarwa kafin in taɓa kowace waya mai ruwan ɗorawa.

Inda na fi jin tsoro shi ne wurin yanka bodi da wutar gas. Zafi kaɗai na tayar da eyabag, kuma motoci da yawa na da tulun iska mai matsi a ɓoye cikin rufi ko ginshiƙin baya. Ku ɓare silin ku duba tukuna. A Turai tun shekarar 2000 doka ta wajabta a cire waɗannan ko a tayar da su kafin a niƙe mota. Mu nan sai dai mu zama dokar kanmu.

In za a tayar, a bi littafin motar: a fili, da waya mai tsawon mita 10, kowa ya ja baya, a bar shi rabin awa ya huce, a ɗauka da safar hannu. Kada ku fasa tulun don ƙarfe, tsofaffin na ɗauke da sinadari mai guba.

Na san cinikin tsohon eyabag na da riba. Amma na kamfanin Takata, waɗanda zafi da laima ke lalata sinadarinsu har su watsa ɓaraguzan ƙarfe a fuskar direba, an janye miliyoyinsu a duniya, kamfanin ya durƙushe a 2017. Tsofaffin Honda da Toyota da yawa da su suka zo. Kafin ku sayar, ku duba lambar shasi a intanet, in motar na cikin waɗanda aka janye, a tayar da shi a zuba a gwangwan.