Dunƙulen ƙasar da ke riƙe da saiwar dashe

A shekarar 1975 aka fara haɗa bikin samun ƴancin kan Nijar da dashen itatuwa a ranar 3 ga watan Agusta, kuma a nan Tawa za ka ga mutane ɗauke da ƴan bedi da mangwaro a cikin baƙar leda. Kafin hunturu ya kama, da yawa sun bushe, sai a ɗora laifin a kan awaki ko ƙarancin ruwa. Ni a ganina, wasu tun ranar dashe aka kashe su, a lokacin da aka farfasa dunƙulen ƙasar da ke riƙe da saiwarsu.

Da kaina na yi wannan kuskure shekaru biyu da suka wuce. Na sayo ɗan mangwaro mai ganye shar, na haƙa rami a tsakar gida, sa'annan na kama shi ta wuya na fizgo daga ledar. Ƙasar mai yashi ce kuma ta bushe, nan take ta zube a kan takalmina, saiwoyin suka fito tsirara. Na dasa shi haka, ina ba shi ruwa safe da yamma, amma cikin kwana goma ganyen ya langaɓe, daga baya ya bushe ƙamas.

Da na kai kuka wurin wani dattijo mai lambu, sai ya ɗauko wata leda, ya nuna mini wasu fararen saiwoyi sirara kamar gashi da suka ratsa ƙasar ta ko'ina. Ya ce: "Ɗana, waɗannan ne bakin itacen; babbar saiwa riƙe shi take yi, su kuwa su ke shan ruwa." Idan ƙasar ta wargaje sukan tsinke ko su bushe a iska, alhali ganye na ci gaba da fitar da ruwa cikin zafin rana, shi ya sa ban ruwa na bai yi amfani ba.

Abin da ya koya mini ba shi da wahala, haƙuri kawai yake buƙata. Akan jiƙa ledar tun daren jiya domin ƙasar ta kama jikinta, a yanke gindinta da wuƙa mai kaifi kamar faɗin yatsa biyu, saboda a nan ne saiwa kan nannaɗe idan shuka ta daɗe a ciki, kuma saiwar da ta nannaɗe ba ta nutsawa ƙasa yadda ya kamata. Bayan haka a tsaga ledar ta gefe, a tallabi dunƙulen da hannu biyu a ajiye a rami, wuyan itacen daidai da bakin ƙasa, a cike a danna a hankali ta gefe.

Daminar bara na sake dasa wani da yamma, bayan an yi ruwa. Ko ganye ɗaya bai zubar ba, yanzu ya kai ƙuguna, na kuma kewaye shi da ƙaya saboda awakin maƙwabta.