Takwarar Inna ta kai ni kan dutse

Ranar da zan taso daga Zariya, Inna ta sa aka kira ni ɗakinta bayan sallar asuba. Ta riga ta ƙulla kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, kowanne a ledarsa. Kilishi ne kawai na roƙe ta ta bari, don an gargaɗe ni cewa ba a shiga Amurka da nama. Ta riƙe hannuna ta ce, "Auta, zumunta a ƙafa take. Fuskar takwarata na gani a waya, muryarta ma na ji. Abin da ban gani ba shi ne tafiyarta. Ki je ki kalle ta da kyau, ki dawo ki faɗa min yadda take tafiya."

Na hau jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Abuja, daga nan Legas, sai kwana guda a sama har Atlanta, sannan ƙaramin jirgi zuwa Greensboro a jihar North Carolina. Watan Oktoba ne na 2023. Shekara 11 rabona da Yaya. Da na hango shi a bakin ƙofar fita, furfura ta cinye masa gemu, sai na ga Baba tsaye. Na kasa gaishe shi yadda ya kamata, kuka kawai nake yi.

Greensboro ba baƙon gari ba ne ga mai jin Hausa. Mutanen Nijar suna da yawa a can, na Yamai da Maraɗi da Damagaram, ranar Juma'a a harabar masallaci Hausa da Zabarmanci sai kunne ya ƙoshi. Matar Yaya ta karɓe ni hannu biyu, a daren farko ta kaɗa miyar kukar da na kawo, gidan ya ɗau ƙamshin daddawa. Amma kwana goma na yi ban samu zama da Yaya ba. Aikin dare yake yi, ya dawo da hantsi ya kwanta, ya tashi ya kai yara wani wuri, ya ci abinci a tsaye ya sake fita. Ummi kuwa, takwarar Inna, shekararta 14, in ta ce "Gwaggo, ina kwana" to Hausarta ta kusa ƙarewa. Kunya take ji kada ta yi kuskure, sai ta gudu ɗaki. Na fara tunanin zan koma gida da hotuna kawai.

Ita ce ta kawo maganar dutse. Wani dare ta zo ta tsaya kusa da babanta ta yi masa magana da Turanci, ya juyo ya ce min, "Wai ranar Asabar za ta kai ki daji ku yi tattaki." Gaskiya abin ya ɗaure min kai. A wurinmu mutum yana shiga daji ne da dalili, ko itace, ko gona, ko kiwo, ko neman magani. Shekara nawa ina ganin dutsen Kufena daga nesa, bai taɓa zo min a rai in hau ba. Amma na ga yadda yarinyar ta zuba min ido tana jiran amsa, na ce to.

Wurin sunansa Hanging Rock, wato dutsen da ya leƙo kamar an rataye shi, tafiyar kusan awa ɗaya a mota zuwa arewa maso yamma. A hanya Yaya ya yi min bayanin bambancin gandun dajin gwamnatin tarayya da na jiha, ya ce kamar dai Gashaka-Gumti da Yankari ne a gida, ɗaya na tarayya ɗaya a hannun jihar Bauchi. Wannan na jiha ne, kuma ba a biyan ko sisi a shiga. Ka ajiye mota, ka ɗauki taswira kyauta, ga banɗaki mai tsabta, ga famfon ruwan sha. Tsaunukan wurin ana kiransu Sauratown, daga sunan mutanen Saura, ƴan asalin ƙasar da suka zauna a yankin kafin zuwan Turawa.

Muna sauka daga mota Ummi ta zama wata yarinya dabam. Ita ta duba takalmina, takalmin gudu na mahaifiyarta da aka ara min, ta durƙusa ta ƙara ɗaure min igiyar. Ta nuna min in tura ƙafar wando cikin safa, ta ce da Turanci saboda wani ƙwaro, Yaya ya ce kaska take nufi. Ta maimaita, "Kaska." Kalma ta farko ke nan da ta karɓa daga wurinmu a ranar. Ta nuna min wata ciyawa mai ganye uku-uku ta ce kada in taɓa, tana sa ƙaiƙayi da ƙuraje. Ta nuna min alamu masu launi da aka manna a jikin bishiyoyi, ta ce muddin muna ganinsu ba mu ɓata ba.

Lokacin kaka ne a can, ganye na shirin zuba. Na sha gani a hoto, amma hoto bai ɗauko abin ba. Bishiya guda za ki gan ta ja wur kamar an tsoma ta a lalle, ta kusa da ita rawaya kamar ɗorawa, wata kuma ruwan goro. Iska in ta kaɗa sai ganyen ya riƙa saukowa ɗaya-ɗaya, ƙasa ta rufe, kina takawa yana ƙara ƙaras-ƙaras. Na tsinci ganye ɗaya mai yatsu biyar na riƙe. Ummi ta tambaye ni sunan launin da Hausa. Daga nan muka buɗe makaranta: ganye, saiwa, reshe, tsakuwa, kurege. Da muka ga wasu manyan tsuntsaye baƙaƙe suna shawagi a sama na ce ungulu, ta yi ta nanatawa tana dariya don daɗin kalmar a bakinta.

Farkon hanyar shimfiɗe take, daga baya ta miƙe tsaye. Kusa da ƙarshe matakala ce ta duwatsu, kowane taki sai kin dafa gwiwa. Na tsaya hutawa sau huɗu. Duk wanda ya zo wucewa sai ya gaishe mu, tsofaffi da sanduna bibbiyu, mata goye da jarirai a wata irin jaka ta baya. Ummi tana gaba, in ta yi nisa sai ta tsaya a kan wani dutse ta jira, ta miƙo min hannu a inda hawan ya yi tsanani. A nan na tuna saƙon Inna, na fara kallon ƙafafunta.

A saman babu shinge babu komai. Falalen dutse ne fari-fari ya miƙe ya leƙa sarari, ƙarƙashinsa daji shimfiɗe har iyakar gani, gonaki da gidaje sun zama kamar ƙwayar gero. Gabana ya faɗi, na zauna nesa da bakin. Ummi ta je can gefe tana ɗaukar hoto, Yaya ya zo ya zauna kusa da ni. Mun jima ba wanda ya ce komai. Sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Auta, faɗa min ranar da Baba ya rasu. Kowa ya yi min ta'aziyya, ba wanda ya ba ni labari."

Lokacin rasuwar takardunsa ba su kammala ba, in ya fito ba zai iya komawa wurin iyalinsa ba. Na san haka, amma na riƙe shi a zuciya shekara da shekaru, ba zan ɓoye ba. A kan dutsen nan na ba shi labarin tun daga farko. Yadda Baba ya nemi kunun tsamiya da safe ya sha cokali uku. Yadda ya sa aka juyar masa da gado ya fuskanci alƙibla. Yadda ya tambaya ko ƙarfe nawa ne a Amurka, aka ce masa dare ne a can, ya ce to kada a tashe shi, yana da aiki. Yaya ya sa hularsa ya rufe fuska. Ban taɓa ganin kukansa ba sai ranar. Abin da na riƙe a zuciya kuma ban san lokacin da ya sauka ba, na dai ji na dafa kafaɗarsa ina cewa ya yi haƙuri, Baba bai tafi da fushinsa ba.

Azahar ta same mu a can. Muka yi alwala da ruwan gora, Yaya ya duba alƙibla a waya. Daga can arewa maso gabas ake fuskanta, abin da har na dawo bai daina ba ni mamaki ba. Ya ja mu salla a wani lungu tsakanin bishiyoyi, ni da Ummi a bayansa. Mutane suna wucewa, wasu suka rage murya har muka sallame.

Da muka sauko muka zauna cin abinci a bakin wani ƙaramin tafki, dambun shinkafa da zogale da shayi a fulas. Akwai wani tsohon gini na dutse da katako a gefen ruwan. Yaya ya ce shi da tafkin da hanyar motar duk aikin wasu samari ne marasa aikin yi, a ƙarƙashin shirin da ake kira CCC, wanda Shugaba Roosevelt ya kafa a 1933 lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe. Sun yi aiki a wannan wurin daga 1935 zuwa 1942. Dala 30 ake biyan kowannensu a wata, kuma dole ya aika 25 gida wa iyayensa. Ya ce duk sanda ya zo nan sai ya tsaya ya kalli ginin, don ya san irin mutanen da suka ɗora duwatsun. Na dubi hannunsa da aiki ya sa ya yi kanta, na tuna kuɗin makarantata da na asibitin Baba da rufin ɗakin Inna, duk daga hannun nan suka fito.

Ya kuma gaya min abin da ba zan so in tsallake ba. Wuraren nan da muke shiga kyauta ba kullum suka kasance na kowa ba. A zamanin wariyar launin fata baƙaƙe ba su da damar shaƙatawa a nan, nasu dabam aka ware musu, na farko shi ne Jones Lake a 1939, sai cikin shekarun 1960 aka buɗe wa kowa. A Greensboro ɗin da yake zaune ne ɗalibai baƙaƙe huɗu suka zauna a teburin cin abinci da aka keɓe wa farare a kantin Woolworth ranar 1 ga Fabrairu, 1960, suka ƙi tashi. Na kalli Ummi da ɗankwalinta tana jifan ruwa da tsakuwa hankali kwance, na yi wa waɗanda suka sha wuyar buɗe wannan ƙofa fatan alheri.

Kafin mu tafi ta ja ni wata gajeriyar hanya zuwa inda ruwa ke zubowa daga kan dutse, irin Matsirga ta Kafanchan amma ƙarama. Sanyin ruwan har cikin ƙashi.

Asabar ta biyu muka je Pilot Mountain, wannan karon har da matar Yaya da ƙananan. Tun daga babbar hanya ake hango shi, tsauni mai wani dunƙulen dutse a ka kamar an kifa masa tukunya, tsayinsa ƙafa 2,421 daga matakin teku. Mota tana kaiwa har kusa da sama. Ba a yarda a hau dunƙulen ba, zagaye shi ake yi ta wata siririyar turba a gindinsa. A wasu wurare jikin bishiyoyin baƙi ne ƙirin. Gobara ce ta tashi a ƙarshen Nuwamba 2021 daga wutar da wani ya hura bai kashe ba, ta ci fiye da eka 1,000. Na san irin wannan ɓarna daga ƙunar daji ta gida, raina ya ɓaci. Amma ƙarƙashin baƙaƙen kututturan sababbin tsirrai sun taso har sun kai min ƙugu. Ranar Ummi ba ta yi gaba ba, kafaɗa da kafaɗa muka tafi, tana haɗa jimla da kanta. Ta ce, "Gwaggo, Zariya akwai dutse?" Na ce akwai Kufena. Ta ce, "Kin hau?" Na ce ban taɓa ba. Ta ce, "Ki jira ni."

Na dawo gida ana tsakiyar sanyin hunturu. Tun ban warware kaya ba Inna ta sa na zauna a bakin gadonta. Na ba ta ganyen nan mai yatsu biyar, ya bushe a cikin littafina amma jansa na nan. Ta juya shi a tafin hannu ta ajiye ƙarƙashin matashi, ta ce, "To, yaya take tafiya?"

Na ce, "Da sauri take tafiya, Inna, kanta a sama. Tana ɗan jefa ƙafar hagu waje, irin taki. In ta yi nisa kuma sai ta tsaya ta waiwayo ta jira na baya."

Inna ta yi shiru. Can ta ce in tashi in gwada mata. Na tashi na yi taku biyar daga gado zuwa ƙofa, na tsaya, na waiwayo. Ta ce in sake.