Me ya sa muka zaɓi Takoradi

Masu tambayata dalilin da ya hana mu zama Accra da muka yi ƙaura zuwa Gana da yara, kuɗin haya ne da ambaliya. Mai gida zai ce a biya shi na shekara biyu a dunƙule, ga ruwan Yuni yana shiga ɗakuna. Garin Takoradi da ke bakin teku ya fi sauƙi, alhamdulillahi, kuma a zangon Sekondi, garin da ke manne da Takoradi, yaran sun samu makarantar allo da abokai masu jin Hausa, har sun fara tsintar Fante, yaren mutanen wurin. Iskar teku dai ba ta raga wa ƙarfe, ƙofarmu tuni ta yi tsatsa. Babbar damuwata igiyar ruwa ce, don autana bai san tsoro ba. Yanzu mai koya musu iyo nake nema.