Sanin hannun magatakarda kafin neman sunan kaka

Wani ɓangare na karatuna na tarihi a Ingila shi ne taya masu neman asalin zuri'arsu karanta littattafan jana'iza na tsofaffin coci-coci. Tun 1538, da Thomas Cromwell, babban ministan Sarki Henry na Takwas, ya ba da umarnin kowace cocin unguwa ta riƙa rubuta baftisma da aure da binne mamata, ake cika waɗannan littattafai, kowane magatakarda da irin hannunsa.

Babban abin da aikin ya koya mini shi ne kada a fara da sunan da ake nema. Mai neman kakansa yakan zo da sunan a zuciya, to duk wani jagwalgwalon tawada da ya ɗan yi kama da shi sai ya ce ga shi nan. Ni yanzu sai na zauna da magatakardan tukuna. Ina bin shafi biyu ko uku ina tsintar kalmomin da ba su da shakka, kamar sunayen watanni da sunan ƙauyen, in zana kowane harafi a takardata yadda shi yake yin sa. A rubutun ƙarni na 16 da na 17, harafin "e" yakan juya baya ya zama kamar "o", "c" ya yi kama da "r", doguwar "s" ta yi kama da "f", "h" kuma ta zuro ƙafa ƙarƙashin layi. Wanda ya tashi da allo a gaban malam ya san wannan haƙurin: a rubutunmu na Warshu ɗigon fa a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama, baƙon hannun sai ya yi ta tuntuɓe.

Kwanan wata ma tarko ne. Kafin 1752 shekara a Ingila tana farawa ne ranar 25 ga Maris, don haka wanda aka rubuta an binne shi a Fabrairun 1700, a lissafinmu 1701 ne. "7ber" kuma Satumba ce, ba Yuli ba. Sau da yawa da Latin ake rubuta sunan, inda Jacobus kan iya zama James ko Jacob.

Amma inda na fi daɗewa shi ne 'yan alamomin gefen shafi. Dokar 1678 ta wajabta a yi wa mamaci likkafani da ulu don raya kasuwar ulun ƙasar, a kawo shaidar rantsuwa cikin kwana 8, in ba haka ba tarar fam 5. Shi ya sa ake ganin "A" ko "Aff", wato "affidavit", shaidar rantsuwar, kusa da suna. Daga 1783 zuwa 1794 an sa harajin kwabo 3 a kan kowane suna da aka shigar a littafin, ban da matalauta, waɗanda akan yi wa alamar "P", wato "pauper", matalauci. Wannan harafi guda kan zama duk abin da ya rage game da halin rayuwar mutum, kuma nakan ga fuskar jika ta sauya in na bayyana masa ma'anarsa.

Daga 1813 aka koma littattafai masu gurabe bugaggu na suna, mazauni da shekaru, aiki ya yi sauƙi. Kafin nan kuwa, in laima ko ɓera sun ci layi, sai in nemi kwafin da ake aika wa bishop, shugaban coci-cocin yankin, duk shekara in gwada. In shi ma bai warware ba, ina rubuta haruffan da na gani kawai, in bar gurbin sauran a buɗe, ko da mai neman ya so in cike masa.