Ruwan Akara daga kan Atewa yake saukowa

Da muka ratse daga titin Akara zuwa Kumasi muka nufi Kibi, sai na ɗan raina Atewa, tudun kurmin nan na kudancin Gana. Ina tsammanin duwatsu masu tsini, sai ga wani dogon tudu kwance, kore shar, samansa a baje. Inda ya fi tsawo bai wuce mita 840 da 'yan kai ba. Na ce a raina wannan ai kafin hantsi mun gama da shi. Ashe ƙafafuna ne za su ba ni amsa.

Daga ƙauyen Sagyimase muka kama hawa. Can ƙasa gonakin koko ne, ga zafi, ga gumi kamar an watsa min ruwa. Muna yin sama sai kurmi ya rufe mu, rana ta ɓace, iska ta yi sanyi. Hazo na ratsa bishiyoyi, gansakuka ta lulluɓe rassa, ganye na ɗigar da ruwa alhali ba a yi ruwan sama ba. Irin wannan kurmin kan tudu mai kore rani da damina, a wuri biyu kacal ya yi saura da yawa a Gana: nan da Tano Offin. Tun 1926 aka keɓe na Atewa a matsayin gandun daji, kuma faɗinsa ya ɗan haura murabba'in kilomita 230.

Abin da ya tsaya min a rai wata 'yar maɓuɓɓuga ce. Ɗan rakiyarmu ya ja ni gefe, ya ɗaga ruɓaɓɓun ganye da sanda, sai ga ruwa na tsattsafowa daga jar ƙasa, bai fi kaurin yatsa ba. Na tara hannu, sanyi ƙarara, garau kamar hawaye. Daga irin waɗannan ne koguna uku suke tasowa: Densu, Birim da Ayensu. Densu shi ke cika madatsar Weija da ke shayar da babban sashe na Akara. Wato mai buɗe famfo a birni yana shan abin da ganyen nan suka tare.

Malam-buɗe-littafi kuwa har na gaji da waiwaye. An ƙirga iri fiye da 500 a dajin. Akwai wani kwaɗon ƙorama da masana suka tabbatar a 2021 cewa jinsi ne na daban, suka raɗa masa sunan Sagyimase. Ban gan shi ba, da dare yake fitowa, ni kuma ba na wasa da dare a kurmi.

To, jar ƙasar da ta manne min a takalmi ita ce tushen rigima. Shekaru aru-aru ruwan sama yana wanke saman tudun, yana kwashe duk abin da zai narke, har ya bar boksait, ma'adinin da ake yin alminiyon da shi. Ruwan da ya raya kurmin shi ya tara dukiyar da ke ƙarƙashinsa. Kuma boksait ba a yi masa rami mai zurfi, sai an sare bishiya an kankare saman ƙasa. Shi ya sa a 2020 ƙungiyar kare muhalli ta A Rocha Gana da wasu suka kai gwamnati kotu kan shirin haƙarsa. Na san ƙasa na neman kuɗi, amma a ganina kankare wannan tudu sayar da rijiya ne a sayi guga.

Da muka sauko da yamma muka tsallaka Birim. Ruwan ya koma kamar kunun laka saboda masu haƙar zinariya ta bayan fage, waɗanda ake kira galamse. Na daɗe a kan gada ina kallo, gorar da na ciko a sama tana hannuna, har yanzu da sauran sanyinta.