Singafo: Ƙasar da Ba a Jiran Damina

Tun da na dawo, tambayar da aka fi yi mini ita ce: wane wata ya kamata mutum ya je Singafo don kada ruwa ya ɓata masa tafiya? Amsata ba ta cika yi wa masu tambayar daɗi ba. Wata goma sha huɗu na yi a can, ban ga watan da ya kama har ya ƙare sama ba ta zubo ba.

Singafo tsibiri ne a kudu maso gabashin Asiya, yana dab da layin ikwaita, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kilomita 140 ba, ga teku ta zagaye shi. Shi ya sa babu rani, babu hunturu. Da rana zafi yakan kai digiri 31 zuwa 33, da dare ya sauko 24 ko 25, haka yake a Janairu, haka yake a Yuli. Zafi mafi tsanani da aka taɓa aunawa digiri 37 ne, a Afrilun 1983, aka sake ganin irinsa a Mayun 2023. Wanda ya san zafin bazara zai ce wannan ai da sauƙi. To, ba rana ce ke dukan mutum a can ba, danshi ne. Ranar da na sauka a filin jirgin Changi, ina fita ƙofa gilashin idona ya yi hazo, na ji iska ta lulluɓe ni kamar jiƙaƙƙen mayafi. Danshin iskar yakan haura kashi 80 cikin 100, gumi ya fito ya rasa inda zai je. Na taɓa ajiye takalmin fata a ƙasan gado na manta da shi mako uku, da na jawo shi ya yi fumfuna fari fat.

Amma ruwan yamma, shi kam na ƙaunace shi. Wata ranar Afrilu na fito daga Masallacin Sultan da ke unguwar Kampong Glam bayan azahar, rana ƙwal, babu alamar komai. Kafin in gama duba yadi a shaguna biyu hadari ya haɗo baƙi ƙirin, iska ta tsaya cak, sai tsawa. Ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya, har ba a ganin tsallaken titi. Na raɓe a barandar wani dattijo mai sayar da yadi. Na ce masa, "Kawu, in ɗan fake?" domin a can kowane dattijo kawu ne. Ya turo mini kujera, ya dubi sama, ya ce ba zai kai la'asar ba. Haka kuwa aka yi. Minti arba'in aka ɗauke, kwalbatoci suka shanye ruwan, kwalta ta shiga tururi, kowa ya koma harkarsa. Wannan baranda da na fake a cikinta tana da tarihi: tun tsarin gari na 1822, zamanin Stamford Raffles, Baturen Ingilan da ya kafa birnin na zamani, aka wajabta wa masu shaguna su bar rufaffiyar hanya mai faɗin ƙafa biyar a gaban gininsu. Har yau garin bai saki wannan dabara ba, daga tashar jirgin ƙasa zuwa tashar bas zuwa ƙofar gidaje, kusan duk a ƙarƙashin rufi mutum yake tafiya.

Sai da na daɗe kafin na gane cewa su ma suna da lokutansu, sai dai da iska ake gane su. Daga Disamba zuwa farkon Maris iska tana busowa daga arewa maso gabas. Farkonta jiƙe take sharkaf, Disamba ne ma watan da ya fi kowane ruwa, kuma a nan ne akan wuni ana yi, a kwana ana yi. Zuwa Fabrairu sai ta bushe, ya zama watan da ya fi ƙarancin ruwa. Daga Yuni zuwa Satumba iskar ta juyo daga kudu da kudu maso yamma. A wannan lokacin ne hadari kan haɗu cikin dare a kan tsibirin Sumatara ko mashigin Malaka, ya taso a jere ya iso Singafo da asuba. Sau da yawa ƙarar taga ce ta tashe ni kafin agogo. Tsakanin waɗannan biyun, wato Afrilu da Mayu, sai Oktoba da Nuwamba, iska takan kwanta, zafi ya taru tun safe, da yamma ya fashe da tsawa. Tsawar nan kada a raina ta. Singafo tana cikin wuraren da aka fi yawan walƙiya a duniya, makarantu da wuraren ninƙaya suna da na'urar gargaɗi, da ta yi ƙara kowa zai bar fili.

Abu guda da nake gaya wa masu asma: a wasu shekarun, tsakanin Yuni da Oktoba, hayaƙin gobarar daji daga Indunusiya yakan rufe garin. A Yunin 2013 ma'aunin gurɓatar iska ya kai 401, wato matakin haɗari ga lafiya, a Satumbar 2015 har makarantu aka rufe. Ba kowace shekara ba ce, amma a duba kafin a sayi tikiti.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda suke riƙon ruwan. Ƙasar da ke samun sama da milimita 2,000 a shekara, ana ruwa kusan kwana 170, amma tana sayen ruwan sha daga jihar Johor ta Malesiya, bisa yarjejeniyar 1962 da za ta ƙare a 2061. Ruwa yana sauka, wurin ajiyarsa ne ya yi kaɗan. Don haka suka mayar da kashi biyu cikin uku na ƙasar wurin tara ruwan sama, da madatsu 17, har da ta Marina da aka buɗe a 2008 a tsakiyar birni. Kwalbatin da na ga yana shanye ambaliya a titi, wani wuri yake kai ta. Tun daga nan na fahimci dalilin da ya sa ba su yarda a jefa ko ledar alawa a magudana.

Saboda haka mai shirin tafiya ya bar lissafin watanni, ya koma lissafin sa'o'i. Rana tana fitowa wajen bakwai na safe, ta faɗi wajen bakwai na yamma, shekara duka, shi ya sa ko azumi a can bai cika wuce awa goma sha uku da ɗoriya ba, sai dai ƙishirwa. Lambun tsirrai na Singafo, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2015, ana buɗe shi tun biyar na asuba. A je da sassafe, a dawo kafin sha ɗaya. Yamma a bar ta ga gidajen tarihi da kasuwannin cikin gini. A riƙe ƙaramar lema, tufafi na auduga marasa nauyi, da 'yar rigar sanyi guda, ba don waje ba, don jirgin ƙasa da manyan kantuna inda na'urar sanyaya ɗaki take aiki ba ji ba gani.

In aka matsa mini sai na faɗi wata, nakan ce Fabrairu. Amma ni da za a ba ni zaɓi, Disamba zan koma. A Disambata ta ƙarshe an yi kwana uku ana yayyafi ba ƙaƙƙautawa, ma'aunin zafi ya sauko digiri 23, mutane suka fito da rigunan sanyi a tashar bas. A daren nan ne na kashe fanka, na buɗe taga, na yi barci ina jin saukar ruwa a kan ganyen bishiyar da ke ƙasan beninmu.